Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Yayyen Gida Kan Ƙannenmu Masu Fama Da Lalurar Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayye maza da mata, 'yan fari da waɗanda ba 'yan fari ba amma Allah ya ɗora musu ɗawainiyar ƙanne. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, ina fatan kowa yana lafiya.

Gwamnati tana da nata kason a wannan magana, malamai ma suna da nasu, amma ku na zaɓa in rubuto wa. Idan hankalin yaro ko yarinya ya fara taɓuwa a gidan Bahaushe, kwamishinan lafiya ba ya nan, liman ba ya nan, sau da yawa iyaye ma sai daga baya suke ankara. Tsakanin ɗa da mahaifi akwai kunya da kwarjini. Saurayi ɗan shekara 22 ba zai durƙusa gaban Baba ya ce yana jin muryoyi da dare ba. Budurwa ba za ta dubi idon Inna ta ce ta gaji da duniya ba, don ta san abin da zai biyo baya salati ne da kuka da kiran dangi a waya. Ku kuwa kun kwana ɗaki ɗaya da su, kun ci a kwano ɗaya, kun san dariyarsu ta gaske da ta yaƙe. Ga shi kuma a gidaje da yawa, musamman inda mahaifi ya manyanta ko ya rasu, ku ke biyan kuɗin makaranta, ku ake kira idan an kwantar da wani, maganarku ce ke raba gardama. Wanda ya fara gani, kuma yake da ikon cewa a tashi a tafi asibiti, nauyin a wuyansa yake.

Kun san yadda abin yake farawa. Yaron da ba ya rabuwa da majalisa sai ya daina fita. Ku leƙa shagonsa da hantsi ku tarar da labule a sake, shi yana kwance fuskarsa na kallon bango, kwanon tuwon jiya na ajiye bakin ƙofa ba a ko buɗe shi ba. Wayar da a da ba ta barin hannunsa ta mutu babu caji, bai damu ba. Sumarsa ta taru, rigar da kuka gani a jikinsa ran Juma'a ita ce har Laraba. Kun tambaye shi, ya ce zazzaɓi ne. An sha maganin maleriya, an sha na taifot, ba abin da ya sauya. Daga nan gida ya rabu: Baba ya ce lalaci ne, kawu ya ce ƙwaya ya fara sha, gwaggo ta ce jifa ne, kuma har ta san wadda ta yi.

Likitoci suna da ma'auni mai sauƙi ga ciwon damuwa mai tsanani. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye yana cikin ƙunci kusan kullum, ko abin da yake so a da ya fita daga ransa gaba ɗaya, barci ya lalace, cin abinci ya sauya, jiki ya mutu, yana ganin kansa ba shi da amfani, to abin ya wuce ɓacin rai na yau da gobe. Akwai kuma wani nau'in da ke zuwa da jin muryoyin da babu mai su, da zargin an sa guba a abinci ko maƙwabta na bibiyar mutum. Wannan ya fi kama matasa, daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa ashirin da wani abu, wato daidai lokacin da muke cewa ƙuruciya ce ke ɗibarsu. Wani kuma sai ya kwana uku ba barci ba gajiya, yana surutu ba birki, yana rabon kuɗin da ba shi da su, bayan wasu makonni ya faɗa cikin ƙunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ku ƙirga 'yan gidanku da na kawunnanku, ku ga ko lissafin zai tsallake mu.

Yayye mata, akwai wanda ku kaɗai ke iya gani. Ƙanwarku ta haihu, ta dawo gida wanka. Kowa na barka, ana dama kunun kanwa, ana yaba jariri, ita kuwa tana zaune gefen gado idonta a ƙasa. An miƙo mata yaro ta ba shi nono tana kallon wani wuri. Da dare ku ji tana sheshsheƙa a hankali don kada Inna ta farka. Kuka da sauyin yanayi na 'yan kwanaki bayan haihuwa ba baƙon abu ba ne, yakan wuce da kansa. Amma idan ya zarce mako biyu, damuwar bayan haihuwa ce, wadda ke kama sama da mace ɗaya cikin goma, kuma tana da magani. Idan kuwa mai jego ta daina barci kwata-kwata, ta fara maganganun da ba su da kai, ko ta ce jaririn ba nata ba ne, ko tana tsoron za ta cutar da shi, wannan ba abin jiran arba'in ba ne. A ranar za a kai ta asibiti, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn kafin a isa.

Yanzu ga inda yawancinmu muke ɓata rawarmu da tsalle, wato yadda ake buɗe maganar. Bahaushe in ya ga matsala sai ya tara mutane. A kira kawu, a kira baffa, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a zaunar da yaro a tsakiya kowa ya yi masa nasiha bi da bi. "Me ka rasa, ci ko sha?" "Kai fa namiji ne." "Rashin tawakkali ne ke damunka." Yaron zai sunkuyar da kai ya ce ya gode, in sha Allahu zai gyara, ya koma ɗaki da nauyi biyu: ciwonsa, da tabbacin cewa ya zama abin kunya. Daga ranar ba wanda zai ƙara jin cikinsa.

Ku same shi shi kaɗai. Ku ce ya raka ku wani wuri a mota ko a babur, ko ku zauna bayan isha'i lokacin da gida ya yi shiru. Ku faɗi abin da idonku ya gani, ban da fassara: "Kwana biyu na ga ba ka cin abinci, kuma ina jin motsinka har asuba. Me ke faruwa?" Zai ce, "Ba komai, Yaya." Kusan kowa haka yake cewa a karon farko. Kada ku ja, kada kuma ku yi fushi. Ku ce masa kuna nan, ku sake dawowa bayan kwana ɗaya ko biyu. Ranar da ya buɗe baki, ku riƙe naku. Ku yayye kun saba ba da umarni da warware matsala nan take, shi ya sa sauraro yake yi muku wuya, amma a wannan zaman shi ne aikin. In ya ce yana jin muryoyi, ba sai kun gaskata muryoyin ba, ba kuma sai kun ƙaryata shi ba. Ku tambaye shi ko suna tsorata shi, ko suna hana shi barci. Rashin barcin nan sau da yawa shi ne ƙofar da za ku bi ku kai shi wurin likita, don mutumin da ba zai yarda yana da taɓin hankali ba zai yarda cewa ya gaji da kwana ido biyu.

Game da zancen tawakkali, ina roƙonku ku yi hattara da bakinku. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. A cikin wannan sura ta Yusuf, da Annabi Yusuf (AS) ya keɓe da ɗan'uwansa, abin da ya fara faɗa masa shi ne lallai shi ɗan'uwansa ne, kada ya yi baƙin ciki. Keɓewa ya yi da shi, ya kuma fara da tabbatar masa da 'yan'uwantaka.

Akwai tambaya ɗaya da harshe ke nauyin furtawa, amma dole ku yi ta. Idan ƙanenku ya fara cewa "gara ma in mutu kowa ya huta", ko yana neman yafiyar mutane ba gaira ba dalili, ko yana rabar da kayansa, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Mutane suna tsoron tambayar za ta cusa masa tunanin. Masana sun bincika, ba ta cusawa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, don a karon farko wani ya yarda ya ji abin da yake ɓoyewa. In ya ce eh, ba lokacin karanto masa azabar lahira ba ne, ya san ta tun yana makarantar allo kuma ita ce ke ƙara firgita shi. Ku kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshin gona da tarin ƙwayoyin asibiti daga inda hannunsa zai kai, wani ya kwana tare da shi, a tafi asibiti ba tare da jiran wayewar wani satin ba. Na san abin da ke sa iyalai ɓoyewa. Shekara da shekaru sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa yana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifin da ake iya ɗaure mutum har shekara guda a kansa, abin da Ghana ta soke daga dokokinta a 2023. Amma likita ba ɗan sanda ba ne, kuma ran ɗan'uwanku ya fi ƙarfin wannan tsoron.

Sai batun malam da asibiti, wanda ke raba kan gida fiye da komai. Ni ban zo in hana kowa addu'a ba. A yi tofi, a karanta Alƙur'ani, a yi sadaka. Amma hadisi ingantacce ne cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar mata da magani, kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani. Ba mu taɓa cewa mai hawan jini ya zaɓi ɗaya tsakanin addu'a da ƙwayarsa ba. Malamin kirki da kansa zai ce muku ku haɗa da asibiti. Wanda ya ce a watsar da maganin likita don yana ƙarfafa aljani, ko ya ɗauko bulala, ko ya turnuƙe yarinya da hayaƙi a ɗaki rufe har ta suma, ko ya ce a kawo ta ita kaɗai da dare, ku ɗauke ƙanwarku ku fita. Kada ku tsaya neman izinin kowa.

Ba mu manta da watan Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Cikin makonnin da suka biyo baya aka buɗe irinsa a Daura da Katsina da wasu garuruwa. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne yawancin mutanen nan ba sace su aka yi ba. 'Yan'uwansu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna ganin gyara ake yi. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Sabuwar dokar ta amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙin magani da mutunci, ta kuma hana azabtar da shi. Sai dai doka ba ta leƙa ɗakin da ke bayan gida inda aka kulle mutum ana zura masa abinci ta taga. Ku ne ke riƙe da makullin ɗakin.

Wata ɓarnar da zancen sammu ke yi, wadda ba a cika lissafawa ba, ita ce raba zumunci. Da zarar an ce jifa ne sai an nemo wanda ya yi, kuma kusan kullum yatsa kan kishiyar uwa yake sauka, ko matar kawu. Yaro na kwance ba magani, 'yan uba sun daina gaisawa. Ko bayan ya warke, gabar tana nan.

Ina za a kai shi? Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello suna da sashen masu wannan lalura. Idan sunan Dawanau ko Kware kaɗai zai sa ƙanenku ya turje, ku fara da babban asibitin garinku. Hakan ma yana da amfaninsa, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da farfaɗiya da zazzaɓi mai zafi duk suna iya rikita mutum, gara a fara duba su. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutane sama da miliyan 200, wasu kuma kullum suna ficewa ƙasashen waje, saboda haka ku shirya wa layi da jira.

Kada ku tura masa kuɗin mota ku ce ya je. Ba zai je ba, ko ya je ya ga layi ya juyo. Ku ɗauki hutun rana guda ku tafi tare. Ni na zauna a kan bencin nan da ƙanena, kati a hannuna, tun kafin ma'aikata su gama shara. A layin akwai wani mai kaftani da hula ƙube da ya zo karɓar maganinsa kafin ya wuce ofis, akwai ɗaliba da jakar makaranta, akwai tsohuwa da jikarta. Ƙanena ya daɗe yana kallonsu, can ya matso ya ce min a hankali, "Yaya, duk waɗannan su ma?" Wannan kallon ya yi masa abin da bakina ya kasa. Da aka kira mu, likita ya tambaye ni abubuwan da shi mara lafiyar ba zai iya tunawa ba: yaushe abin ya fara, yaya barcinsa, an taɓa samun irin haka a dangi, me aka riga aka ba shi. Daga nan ya ce in ɗan fita. Ku ma in an ce ku fita, ku fita da daɗin rai, akwai abin da ba zai faɗa a gabanku ba, kuma haƙƙinsa ne.

Rakiyar ɗan'uwa ba sabon abu ba ne a maganin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da wani danginsa da ke kula da shi, suna zuwa karɓar magani da rana. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ranar farko a asibiti ita ce mai sauƙi. Wahalar tana cikin watannin da ke biyo baya, lokacin da dangi suka watse kowa ya koma harkarsa. Maganin damuwa ba ya aiki kamar na ciwon kai, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokacin fiye, kafin a ga sauyi, kuma a wannan tsakanin ne gwaggo za ta ce ai dama ta faɗa ba ciwon asibiti ba ne. Wasu magungunan suna sa barci mai nauyi, ko ƙiba, ko sandarewar jiki da rawar hannu da dalalar yawu. In kun ga haka ku koma wurin likita, akwai yadda ake rage yawan maganin ko a sauya shi. Kada ku yanke shi da kanku, kada kuma ku je kemis a haɗa muku wani. Haɗari mafi girma shi ne ranar da ya samu sauƙi, ya koma kasuwa, kowa ya ce alhamdu lillahi ya warke, a daina saye. Ko a ciwon damuwa likitoci kan so a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, wasu lalurorin kuma na shekaru ne. Wanda shan ƙwaya kullum ke gagararsa, ku tambaya ko akwai allurar da ake yi duk bayan 'yan makonni. In azumi ya matso, ku tambayi likita tun cikin Sha'aban yadda za a mayar da shan maganin sahur da buɗa-baki.

Sai maganar da na san za a yi a gidanku, don ana yin ta a kowane gida: "A yi masa aure, zai natsu." Aure ba ya maganin muryoyi, ba ya maganin ƙunci. Abin da yake yi shi ne ɗora wa mara lafiya nauyin cefane da haya da surukai, a kuma jefa 'yar mutane cikin abin da ba a gaya mata ba. Yarinyar nan ita ma ƙanwar wani ce. Mai lalurar ƙwaƙwalwa yana aure, yana haihuwa, yana riƙe gidansa lafiya lau, na ga da yawa. Amma bayan ya daidaita a kan magani, kuma da sanin wadda za ta zauna da shi. Haka ita ma ƙanwarku. In aka ɓoye wa miji, maganin ne zai fara zama abin ɓoyo a ƙasan akwati, daga nan a daina sha, ciwo ya tashi a gidan da ba wanda ya san kansa, a dawo muku da ita da takarda.

Idan shaye-shaye ya shigo ciki, kada ya zama dalilin yanke hannu a yar. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Wani tiramol da wiwi ne suka taɓa masa ƙwaƙwalwa, wani kuma ciwon ne ya riga zuwa, ya nemi kodin don ya samu barci. Rarrabe wannan aikin likita ne, kuma asibitocin da na ambata suna karɓar duka biyun.

In ya ƙi zuwa fa? Matuƙar ba ya barazana ga ransa ko na wani, kada ku yaudare shi ku ce biki za a je sai ya ga ƙofar asibiti, kada kuma ku zuba masa magani a shayi a ɓoye. Ranar da ya gane, kun rasa amanar da ita kaɗai ce jarinku. Ku je ku ga likitan ku kaɗai ku nemi shawara, ku nemo wanda yake jin maganarsa, aboki ko malaminsa na islamiyya, ku ci gaba da tuntuɓa. In kuwa rai na cikin haɗari, a kai shi ko yana so ko ba ya so, amma da mutunci, ba da igiya da taron 'yan kallo ba.

Ku raba ɗawainiyar tun da wuri, don mutum ɗaya ba ya iya ta. Wanda ke Abuja ko Legas ya ɗauki kuɗin magani duk wata, wadda ke kusa ta riƙe katin asibiti da ranar komawa, wani ya riƙa jan shi zuwa masallaci da shago don kada zaman ɗaki ya dawo. Labarinsa kuma ba na zauren WhatsApp na dangi ba ne, shi zai zaɓi wanda za a gaya wa.

Iyayenmu za su ji tsoron abin da unguwa za ta ce, da abin da zai faru da auren sauran 'yan matan gidan. Tsoronsu ba na banza ba ne, sun san mutanensu. Ku zauna da su cikin ladabi, ku bayyana musu abin da likita ya ce, ku nemi albarkarsu. Sannan ku ɗauke musu nauyin surutun. Duk wanda ya zo da ƙorafi, baffa ne ko gwaggo ko maƙwabci, ku ce masa ku ne kuka yanke shawarar kai shi asibiti, mai magana ya same ku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana zumunci.

Wassalam.

Naku,
Wani yaya daga Zariya